Zaman Shiru Gaban Ubangiji: Yadda Ake Farawa da Yadda Ake Ɗorewa

Na taɓa kai wa wani tsohon malami kuka a zauren gidansa, bayan la'asar, almajirai sun watse. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina salla a kan lokaci, ina jan carbi safe da yamma, amma wallahi zuciyata ba ta wurin. Da na kabbarta sai ta tafi kasuwa, ba ta dawowa sai liman ya yi sallama." Na je ne da tsammanin zai rubuta mini wata addu'a ko ya ƙara mini adadi. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka sallame, mene ne farkon abin da hannunka yake taɓawa?" Na ce carbi. Ya ce, "Faɗi gaskiya dai." Na ce waya. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya ce, "To kai ragi kake bukata. Ka cika tulu har baki, ka rufe shi da faifai, ka zo kana kukan ruwan sama ba ya shiga."

Bai ba ni laƙani ba. Abin da ya ɗora mini shi ne in riƙa zama bayan sallar asuba, in yi ɗan zikirin da na saba, sannan in yi shiru, kada in roƙi komai, kada in jira ganin komai. Abin da ke tafe shi ne yadda na fahimci wannan aikin bayan na daɗe ina tuntuɓe a cikinsa. Ban haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa ba. Baƙadire da Batijjane da wanda ba ya ɗariƙa duk za su iya ɗauka, don kayan aikin na kowa ne: alwala, Alƙur'ani, hailala, da rufe baki.

Wane irin shiru ake nufi

Sai an fara da wannan, don akwai shirun da addini ya hana. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum, Abu Isra'ila, da ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Manzon Allah (SAW) ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Azumin kaɗai aka bar masa. Haka Sayyidina Abubakar ya tarar da wata mata da ta ɗau alkawarin yin aikin hajji ba tare da ta ce uffan ba, ya ce mata ta yi magana, wannan aikin jahiliyya ne. Azumin magana da Nana Maryam ta yi, wanda ya zo a aya ta 26 ta surar da ke ɗauke da sunanta, shari'ar mutanen da ce.

Saboda haka ƙin magana a karan kansa ba ya kusantar da kowa ga Allah. Mai gaba da ɗan'uwansa ma shiru yake yi. Wanda aka ci zalin maraya a gabansa ya kawar da kai shi ma shiru ya yi, kuma irinsa ne malamin Sufaye Abu Aliyu Daƙƙaƙu ya kira shaiɗan bebe. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan maganar hadisi ce, alhali zancen malami ce.

Shirun da muke nema hawa biyu ne. Na waje shi ne na harshe, wanda hadisi na 15 a cikin Arba'una ya yi bayaninsa: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Na ciki shi ne zuciya ta daina surutun da take yi wa kanta, ta daina shari'a da mutanen da ba sa nan, ta daina lissafin gobe. Na farko ana iya koyonsa cikin makonni. Na biyu aikin rayuwa ne, kuma ba a samunsa da kokawa.

Mataki na farko: rage lodi kafin ka zauna

Kuskuren da na fara yi shi ne na shimfiɗa darduma tun ranar farko ina jiran natsuwa, alhali daren jiya na kai ƙarfe ɗaya ina musu da mutanen da ban taɓa gani ba a Facebook. Abin da ka zuba wa kunnenka da idonka da rana, shi zai taso maka in ka zauna. Don haka mako guda kafin ka soma zaman, yi gyara a waje.

Ka lura da bakinka kwana uku ba tare da ka canza komai ba. Ka ga sau nawa kake katse mai magana, sau nawa kake ba da labarin da ba a tambaye ka ba, sau nawa hira a majalisa take gangarawa daga farashin masara zuwa naman wani. Bayan kwana ukun, zaɓi abu ɗaya ka bari. Ɗaya tak. Ni wanda na zaɓa shi ne ƙarasa wa mutane zancensu, kuma na sha mamakin yadda ya yi mini wuya. Wani nasa shi ne tura duk saƙon da ya shigo masa a WhatsApp zuwa rukuni goma. Ai babban yatsa ma harshe ne a zamanin nan, kuma magana zarar bunu ce ko da baki ta fita ko da yatsa.

Sai waya. Ka sa mata iyaka biyu: ba ta kwana kusa da kanka, kuma ba ka taɓa ta daga farkawa har ka tashi daga zamanka na safe. In da ita kake tashi asuba, ajiye ta nesa yadda sai ka miƙe kafin ka kashe ƙararrawar, ka bar ta a can.

Ba na cewa ka daina zuwa majalisa ko ka riƙa ɗaure wa mutane fuska. Wanda ya fara wannan hanya ya koma mai tsuke baki, ana gaishe shi yana amsawa da ka, ya ɓata rawarsa da tsalle tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Lokaci uku ne suka fi dacewa. Mafi sauƙi shi ne bayan sallar asuba zuwa fitowar rana. Muslim ya ruwaito daga Jabiru ɗan Samura cewa Annabi (SAW) yakan zauna a inda ya yi asuba har rana ta fito. Mafi zurfi shi ne sulusin dare na ƙarshe, kuma aya ta 6 ta Suratul Muzzammil ta ce tashin dare ya fi dacewar zuciya da harshe. Na uku tsakanin magariba da lisha. Mai farawa ya ɗauki na asuba. Tashin dare yana da daɗin faɗa, amma wanda zai fita aiki ƙarfe bakwai, in ya fara da shi, ba ya kai mako biyu.

Uwar gida mai ƙananan yara, ke naki lissafin daban ne. Bayan asuba lokacin ɗora ruwan wanka ne da shirin makaranta. Ki duba hantsi, bayan gida ya yi tsit, ki haɗa da sallar walaha. Ko ki tashi minti goma sha biyar kafin kiran salla. Ranakun da ba kya salla ma ba sa hana zaman, don zikiri da tunani ba su da wannan sharaɗin.

Wuri kuwa, ka zaɓi ɗaya kada ka riƙa canzawa: kusurwar ɗaki, gefen masallaci bayan jama'a sun ragu, ko ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida in ba lokacin sauro ba ne. Jiki yana sabo da wuri kamar yadda akuya take sanin turkenta. Kada ka jira samun wurin da babu ƙara, don a garuruwanmu babu shi. Akwai janaretan maƙwabci, akwai zakara, akwai mai shayi yana fasa itace, akwai lasifikar da aka manta ba a kashe ba. Na ɓata wata guda ina jin haushin wani injin markaɗe da ake tayarwa da sassafe a bayan gidanmu, kafin na gane cewa ƙarar injin ba ta kai ƙarar haushin da nake yi ba. Da na bar shi ya yi ta kukansa, sai ya koma kamar ruwan sama a kan kwano.

Mataki na uku: zaman kansa

Minti goma sha biyar ya isa a farko. Ga yadda za ka raba shi, ba sai ka riƙa duba agogo ba.

Zauna da alwala, ka fuskanci alƙibla. Ko zaman tahiya, ko harɗe, ko a kan kujera in gwiwa ba ta yarda. Abin da ake so bayanka ya miƙe ba tare da ka sandare ba. Kada ka jingina da bango, barci ne zai yi awon gaba da kai. Hannuwa a kan cinya. Ido ko a rufe ko a sauke shi wurin sujada. In rufewa tana kawo maka gyangyaɗi ko hotuna barkatai, bar shi a buɗe kaɗan.

Fara da niyya a zuci, gajeriya: na zauna ne domin Allah yana ganina. Wannan shi ne rabin ma'anar ihsani a hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Malamai suna kiran tsayuwa a kan wannan sanin muraƙaba. Ba a ce ka ƙirƙiro wata sura a kanka ba, Allah ya tsarkaka daga haka. An ce ka tuna ana kallonka, kallon wanda ya fi mahaifiyarka jin ƙanka.

Sai istigfari, kamar minti uku, a hankali, kana jin kowace kalma. Sai salatin Annabi kaɗan. Sannan hailala. Nan ne dabarar take: fara La'ilaha illallahu da muryar da kunnenka zai ji, bayan ɗan lokaci ka sauke ta ta koma raɗa, sannan leɓe kawai ke motsi, daga nan ka bar leɓen ma, kalmar ta ci gaba a zuci. Kamar mai sauka rijiya ne, taki ɗaya bayan ɗaya. Aya ta 205 ta Suratul A'arafi ta ce ka ambaci Ubangijinka a cikin ranka da ƙanƙan da kai da tsoro, ba da ɗaga murya ba, safe da maraice. In kana riƙe da carbi, a wannan gaɓar ajiye shi. Ƙirga yana da wurinsa, mai lazimi ya cika adadinsa tukuna kafin ya shiga wannan zaman, amma nan ba wurin lissafi ba ne.

Numfashi ka bar shi yadda yake. Za ka ga da kansa yana lafawa, kalmar tana bin sa.

Minti biyar na ƙarshe, ko abin da ya sawwaƙa, ka saki har maimaitawar. Ka zauna kawai, kamar yaron da ya gama karanta allonsa a gaban malam ya yi shiru yana jiran a biya masa na gaba. In ka ji zuciya ta fara zamewa, koma wa kalmar sau biyu ko uku, ka sake saki. Ka rufe da hamdala da salati, ka tashi a hankali.

Mataki na huɗu: saƙe-saƙen zuci

Ranar farko za ka ga abin mamaki. Bashin da ka manta shekara biyu zai zo. Amsar da ya kamata ka ba wanda ya yi maka rashin kunya a tasha za ta zo, a shirye tsaf. Waƙar tallar da ka ji a rediyo za ta zo. Da yawa a nan suke cewa abin ba nasu ba ne, wai zaman ya ƙara musu tunani. Bai ƙara ba. Da ma hayaniyar tana nan, yau ne ka yi shiru har ka ji ta.

Duk wanda ya ga ana yin gasara ya san maganin. An niƙo gero, an tace a rariya, ruwan ya yi fari fat, a gauraye. Mai koko ba ta sa hannu ta danna ƙullun ƙasa. Rufewa take yi ta tafi harkarta. In ta dawo, gasara ta kwanta, ruwa ya tsaya garau a sama. Da za ta riƙa leƙawa tana jujjuyawa don ta ga ko ya kwanta, da har dare bai kwanta ba. To faɗa da tunani jujjuyawa ne. In tunani ya zo, ka gane ya zo, kada ka bi shi, kada ka zage shi, ka koma wa hailala. In sau hamsin ka zame, sau hamsin ka dawo, kuma dawowar nan ita ce aikin. Ibnu Aɗa'illahi, malamin Iskandariyya da ya rasu a 1309, ya yi gargaɗin kada mutum ya bar zikiri don zuciyarsa ba ta halarta a cikinsa, domin gafala ga barin zikirin ta fi muni a kan gafala a cikinsa.

Malaman tarbiyya sun kasa abin da ke ɗarsuwa a zuci gida huɗu: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na shaiɗan. Ba a zaune za ka tsaya tantance su ba, sai bayan ka tashi. Alama mai sauƙi ita ce son rai naci gare shi a kan abu guda, kamar yaro mai kukan alewa. Shaiɗan kuwa ba ruwansa da wace ƙofa, in ka rufe wannan ya zagayo ta waccan, har ta ƙofar alheri: kana tsakiyar zama sai ka ji wai ya kamata ka tashi yanzu yanzu ka kira wane ka gaishe shi. Ɗarsuwar alheri ta gaskiya ba ta da gaggawa, kuma in ka tashi za ka same ta tana nan.

Ga wata 'yar dabara da ta taimake ni: ajiye takarda da biro a gefe. In abin da ya taso na yi ne da gaske, kamar kuɗin makarantar yara ko maganin Baba, rubuta kalma ɗaya ka ajiye. Zuciya takan saki abu in ta tabbata ba za a manta ba.

Wani lokaci kuma abin da ke zuwa mummuna ne, tunanin da ko a mafarki ba ka so, har game da imani. Kada ka firgita. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) irin wannan kuka, cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba, ya ce ƙin da suke yi masa shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Nemi tsari sau ɗaya ka wuce. Wasiwasi kamar karen unguwa yake, tsayawa jifa ne ke sa shi ƙara haushi.

Mataki na biyar: buɗe hannu

Nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa, kuma nan ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya.

A ƙasar Hausa in an ce wane ya shiga halwa, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne ya tafi neman wani abu: buɗi, ko kwarjini, ko sirri, ko ya ga rauhanai. Mun saba ɗaukar zikiri kamar kuɗin da ake zubawa a karɓi kaya, adadi kaza na biyan bukata kaza. Da wannan tunanin muke zuwa zaman shiru, sai dai mun canza kayan da muke so: yanzu natsuwa muke nema, ko hawaye, ko wani haske, ko mafarki mai kyau. Sai mutum ya zauna rabin zuciyarsa tana zikiri, rabi tana leƙen hanya, ko abin ya iso?

Roƙo ibada ne, babu mai musun wannan, kuma yana da lokacinsa: a sujada, bayan salla, ko'ina. Amma waɗannan mintuna kaɗan ka ware su ka zo hannu sake. Dubi almajiri a ƙofar gida. Ya yi sallama, ya miƙa ƙoƙonsa, ya yi shiru. Bai ce tuwo yake so ba, bai ce shinkafa ba. Ƙoƙon a buɗe yake, kuma babu komai a ciki, shi ya sa ake iya zuba masa. Aya ta 37 ta Suratu Ƙaf ta siffanta mai amfana da tunatarwa da cewa shi ne mai zuciya, ko wanda ya jefa sauraro alhali yana halarce. Jefa sauraro: ka miƙa kunnen gaba ɗaya, ba ka riƙe igiyarsa ba.

A aikace wannan yana nufin abu uku, kuma na ukun ya fi ɗaci.

Na ɗaya, ka daina auna zaman. Kada ka tashi kana cewa na yau ya yi kyau, na jiya bai yi ba. Ba ka da ma'aunin. Sau da yawa zaman da ka ji shi busasshe kamar ƙasar rani, ka daure ka kai ƙarshe, ya fi wanda ka yi kuka a cikinsa, don na kukan yakan bar maka jiji da kai. Sufaye suna da suna ga waɗannan halaye biyu, ƙabdu da basɗu, wato ƙunci da yalwa, kuma suna cewa suna zagayowa ne kamar dare da rana. Manomi ba ya tone iri kullum don ya ga ko ya tsiro.

Na biyu, ka koyi karɓa daga Alƙur'ani maimakon ka riƙa bi ta kansa a guje. Sau ɗaya ko biyu a mako, maye gurbin hailala da aya guda. Karanta ta sau uku a hankali, ka san fassararta daga tafsiri ingantacce, sannan ka yi shiru ka bar ta ta yi maka tambaya. Kada ka ƙirƙiro mata ma'ana, wannan aikin malamai ne. Kai dai ka duba inda ta taɓa rayuwarka. Wani lokacin kuma saurara za ka yi wani ya karanta. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Mas'udu ya karanta masa, Abdullahi ya ce yaya zan karanta maka alhali a kanka aka saukar? Ya ce ina son in ji daga wanina. Ya karanta Suratun Nisa'i har aya ta 41, aka ce ya isa, ya ɗaga kai ya ga idanun Manzo suna zubar da hawaye. Haka nan kallon halitta: ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Fita tsakar gida a daren hunturu da aka ɗauke wuta, ka ɗaga kai, kada ka ce komai.

Na uku, ka yarda a nuna maka abin da ba ka so. Ni na shiga zaman ina jiran haske, abin da ya fara bayyana mini sarai shi ne fuskar wani ƙanina da na yi wa magana mai zafi a gaban matarsa shekaru da suka wuce, na kuma shawo kan kaina cewa ni ke da gaskiya. Kullum na zauna sai ya zo. Na koma wurin Malam na ce wani tunani yana hana ni natsuwa. Da ya ji ko mene ne, sai ya ce, "Wannan ai ba shi ke hana ka ba, shi aka aiko maka. Tashi ka je." Na je. Ban ji daɗin tafiyar ba ko kaɗan. Idan ruwa ya kwanta, abin da ke ƙasan randa ne ake fara gani, kuma ba kullum zinariya ba ce. In haƙƙin wani ne ya taso, ko bashi, ko zumuncin da ka yanke, to amsar zamanka ke nan, ka tashi ka biya.

Mafarkai da ganin haske da jin sanyi a jiki kuwa, in sun zo, kada ka kore su, kada ka kafa musu rumfa, kuma kada ka ba da labarinsu a majalisa. Duk abin da ya zo maka a zuci ya saɓa wa shari'a, ko ya ce maka ka wuce matsayin salla, ko ka fi sauran mutane, jefar da shi ko da ya zo da ƙamshin turare.

Mataki na shida: fita da shi kasuwa

Gwajin zaman safe yana zuwa ne da rana. In mai babur ya goge ka a hanya, akwai ɗan taƙi tsakanin zafin da ya taso da kalmar da za ta fita. Zaman shiru yana faɗaɗa wannan taƙin. Ka ɗauki mutum ɗaya a kullum ka saurare shi har ya gama, ba kana shirya amsa ba. Fara da na gida, matarka ko mijinki, ko tsohuwar da take maimaita labari ɗaya sau goma. In iyalinka ba su ga sauƙi a wurinka ba bayan wata uku, akwai gyara a zaman.

Kada kuma ka tsammaci halin da kake ji a kan darduma ya bi ka wuni guda. Sahabi Hanzala ya zargi kansa da munafunci don in yana gaban Annabi (SAW) kamar yana ganin Aljanna da wuta, in ya koma cikin iyali da gona sai ya manta. Annabi (SAW) ya ce masa, ya Hanzala, sa'a da sa'a.

Mataki na bakwai: ƙarawa, da inda ake taka birki

Riƙe minti goma sha biyar ɗin nan kwana arba'in kafin ka ƙara komai. In ka tsallake rana, kada ka rama, ci gaba kawai. Daga nan ka kai ashirin, sannan rabin awa. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. In gyangyaɗi ya rinjaye ka kullum, matsalar tana wurin kwanciyarka da dare, can za ka gyara.

Wanda yake son keɓewa mai tsawo, ƙofar da shari'a ta buɗe ita ce i'itikafi, musamman a goman ƙarshe na Ramadan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana yin sa a masallaci, da azumi, mafi ƙarancinsa yini da dare, ana shiga kafin faɗuwar rana, kuma in Juma'a za ta faɗo a ciki sai a masallacin Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai saba da shirun minti goma sha biyar ba, in ya shiga na kwana goma, hira zai koma yi da na kusa da shi, ko ya kwana a kan waya cikin gidan sauro. Mun sha gani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya ce kowannenku yana ganawa da Ubangijinsa ne, kada sashenku ya cutar da sashe. Da masu riƙe da makirufo a daren goman ƙarshe za su tuna da wannan, da an gode musu.

Halwa irin ta ɗariƙa, ta kwana uku ko bakwai ko arba'in, da rage ci da rage barci, wannan ba a shigarta da karatun littafi ko na intanet. Su kansu ma'abota ɗariƙun sun sharɗanta izini da kulawar shehi. Masu son kafa hujja da Imamu Gazali su tuna cewa lokacin da ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 ya tafi Dimashƙa yana kulle kansa a hasumiyar masallaci, ya riga ya zama babban malamin fiƙihu, ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci, kuma daga baya ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. In za ka nemi jagora, duba wanda yake tsaye a kan salla da halal, wanda ba ya sa wa sirri farashi, ba ya raba ka da iyayenka, kuma yana iya ce maka wannan ban sani ba. Mace kuma kada ta yarda da keɓewa da wani namiji da sunan tarbiyya, ko wane ne shi.

Akwai kuma inda ake dakatawa gaba ɗaya. In zaman ya fara hana ka barci kwana da kwanaki, ko kana jin muryoyi suna ba ka umarni, ko baƙin ciki mai nauyi ya danne ka har ba ka son ganin kowa, ko wani tsohon tashin hankali da ka taɓa shiga yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ka tsayar da zaman kaɗaici. Koma zikiri da murya cikin jama'a, ka ci abinci, ka yi barci, ka gaya wa wani na kusa da kai, kuma ka je asibiti ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Kada ka bari a ce maka wai alamar buɗi ce. Wanda ke shan maganin irin wannan larura kada ya ajiye shi don ya fara zikiri, kuma ya shawarci likitansa kafin ya tsawaita zama. In lafiya ta samu, ana iya dawowa daga minti biyar, ido a buɗe, a cikin masallaci inda akwai mutane.